Mako guda na rubuta tarihin rayuwa a Ngaundere: abin da kuɗinka zai saya maka

Takardar tallar wannan zama ta ɗauki alkawari biyu. Na farko, za ka koma gida da babin farko na littafin rayuwarka. Na biyu, za ka koma ka yi sulhu da kanka, ka daina tuhumar kanka a kan abin da ya riga ya wuce. Alkawarin farko suna cika shi, har da gyara. Na biyun ya fi ƙarfin kwana bakwai, kuma ɓangaren shirin da suka fi alfahari da shi, wato karatun dare a gaban jama'a, shi ne ya fi kawo masa cikas.

Malamai biyu ne ke gudanar da zaman, namiji da mace, dukansu masu koyar da adabi. Suna karɓar mutum goma sha biyu a wani masauki da ke bayan gari, kan hanyar Dang inda jami'a take. Zaɓen Ngaundere, garin da ke arewacin Kamaru, dabara ce. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, don haka mutum zai iya zama awa biyu yana rubutu ba tare da gumi ya jiƙa masa takarda ba, abin da ba ya yiwuwa a Garwa ko Marwa a watan Maris da Afrilu. Jirgin ƙasa na dare daga Yawunde nan yake ƙarewa, motocin Garwa, Marwa da Kusiri kuma nan suke sauke fasinja, saboda haka ɗan unguwar Briketeri ta Yawunde da ɗan Njamena duk suna iya isowa. Kuɗin zama ya ƙunshi ɗaki, abinci sau uku, littafin rubutu mai shafi 200 da biro biyu. Bai ƙunshi kuɗin mota ba, bai ƙunshi buga rubutunka a kwamfuta ba, kuma wannan na biyun sai a rana ta shida ake gaya wa mutane.

Ɗakunan masu gado biyu ne, maza a ɓangare guda, mata a wani. Akwai gidan sauro, ruwa yana zuwa, abinci ba laifi: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, tuwon masara da miyar yakuwa ko shinkafa da rana, kindirmo ba ya yankewa. Teburan rubutu ne matsala. Na cin abinci ne, sun yi wa kujerun tsawo, kuma zuwa rana ta uku kowa yana dafe da kafaɗa. Masu wayo sukan ɗauki tabarma su koma baranda da allo a cinya.

Ga yadda yini ke tafiya. Bayan sallar asuba da shayi, ana rubutu daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas da rabi, babu magana. Ana karɓe wayoyi tun dare, ba a mayar da su sai bayan azahar. Wannan doka ita kaɗai ta biya rabin kuɗin zaman, domin mafi yawan masu zuwa ba basira suka rasa ba, awa biyu da babu mai kiran sunansu suka rasa. Bayan karin kumallo akwai darasi na awa ɗaya da rabi, sannan kowa ya samu minti ashirin shi kaɗai da malami, kwana ɗaya da wannan, kwana ɗaya da waccan. Bayan la'asar a sake rubutu na awa guda. Bayan isha'i a taru a yi karatu. Mai matsakaicin hannu yakan cika shafi huɗu zuwa biyar a yini, kalma 600 zuwa 800 ke nan, ya tashi da kamar kalma 4,000 zuwa 5,000 a ƙarshen mako. Littafi sosai yana bukatar ninkin wannan sau goma. Malaman suna faɗin haka ɓaro-ɓaro tun ranar farko, kuma sun kyauta.

Kwana biyun farko su ne gwanintar wannan shiri. Ba a ce wa kowa ya fara da “an haife ni a shekara kaza”. Ana ba shi farar takarda a ce ya zana gidan da ya tashi a ciki: zaure, shigifa, turakar maigida, ɗakin kowace mata, rumbu, rijiya, madafi, inda ake ɗaure akuya. Sai a ce ya sa alama a wuri uku da wani abu ya taɓa faruwa da shi, ya zaɓi ɗaya ya rubuta. Dalilin yana da sauƙi. Idan ka tambayi mutum labarin ƙuruciyarsa, zai ba ka wanda ya saba bayarwa, wanda ya goge saboda yawan faɗa. Idan ka tambaye shi wa ke kwana a ɗakin da ke kusa da rumbu, sai ya tuno da wata goggo da aka sako daga gidan miji ta zauna da su shekara biyu, wadda bai taɓa ambatonta ga 'ya'yansa ba.

Rana ta biyu ana jera shekaru. Da yawa daga cikin dattawan da ke zuwa takardar haihuwarsu ta ƙiyasi ce, wasu an rage musu shekaru don shiga makaranta. Sai malaman su manna doguwar takarda a bango ɗauke da abubuwan da kowa ya sani: farin 1973 da na 1984, isowar jirgin ƙasa Ngaundere a 1974, yaƙin Njamena na 1980 da ya kwararo da jama'a zuwa Kusiri, saukar Ahmadu Ahidjo daga mulki a Nuwamban 1982, yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun 1984, ƙwallon duniya ta 1990, karya darajar sefa a Janairun 1994, harin Njamena na Fabrairun 2008, ambaliyar 2012. Kowa sai ya rataya nasa a jiki: aurena na fari kafin karya sefa ne ko bayanta? Rasuwar mahaifina da saukar Ahidjo, wanne ya riga? A nan ake samun gyaran tarihi mai ban mamaki. Mutum ya shekara talatin yana zargin kansa cewa ya bar mahaifiyarsa cikin yunwa ya tafi kudu neman kuɗi, lissafi ya nuna lokacin shekarunsa goma sha huɗu ne, kuma kawunsa ne ya sa shi a mota. Idan akwai sulhu da kai a wannan zama, daga irin wannan lissafi yake fitowa, ba daga jawabin ƙarfafa zuciya ba.

Darasin rana ta uku shi ne bambanci tsakanin ba da labari a dunƙule da nuna abin da ya faru. Yadda malamar ke yinsa a zaman mutum biyu ya isa a gani. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya rubuta cewa mahaifinsa mutum ne mai tsanani, bai taɓa nuna masa ƙauna ba. Ta karanta, ta ajiye biro.

“Baba, ranar da za ku tafi aiki karon farko, ina mahaifinku yake?”

“Yana zaure.”

“Ya ce muku wani abu?”

“Bai ce komai ba, 'yata. Ya dai miƙo mini buta.”

“Wace buta, Baba?”

“Tasa. Ta ƙarfe, wadda ya zo da ita daga Makka. Ba ya bari kowa ya taɓa ta.”

“To ku rubuta wannan. Ku cire ‘mai tsanani’ tukuna, mu ga ko za a neme ta.”

Ba ta ce masa mahaifinsa yana sonsa ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta mayar da shi zaure ne kawai. Wannan ita ce sana'ar, kuma ta iya ta. Abokin aikinta ya fi ƙarfi a tsarin babi da gyaran jimla, amma yana da garaje, yakan gaya wa mutum ma'anar labarinsa tun mai labarin bai gama ba.

Rana ta huɗu ce ake taɓa abin da ke ciwo. An gina ta a kan binciken James Pennebaker da Sandra Beall na 1986 a Amurka, inda aka sa ɗalibai su yi rubutun minti 15, kwana huɗu a jere, a kan abin da ya fi ƙona musu rai. Nan take bayan rubutun ransu ya ƙara ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin jami'a ya ragu idan aka gwada da waɗanda suka rubuta abubuwan yau da kullum. Malaman suna ambaton wannan bincike da yawa. Abu biyu ne ba sa ambata. Na ɗaya, wani nazari na Joanne Frattaroli a 2006 da ya tattara gwaje-gwaje 146 ya nuna amfanin yana nan, amma ƙarami ne. Na biyu, a gwajin na asali ba a sa kowa ya tashi ya karanta abin da ya rubuta a gaban mutane ba.

Yadda suke gudanar da rubutun kansa daidai ne. Minti ashirin, da agogo. Ana rubutawa da “shi” ko “ita” maimakon “ni”, kamar labarin wani ne, domin wannan 'yar tazara tana hana mutum nutsewa, tana ba shi damar kallon yaron ko yarinyar da ya kasance da irin idon da zai kalli ɗan maƙwabci. Duk wanda ya ji abin ya fi ƙarfinsa, an ce ya ajiye biro ya fita ya sha iska. Washegari a sake rubuta labarin ta bakin ɗaya mutumin: kishiyar uwa, mijin da ya yi saki, wan da ya cinye gado. Ba don a wanke shi ba, don a ga me ya sani a lokacin, me bai sani ba. Alamar cewa aikin yana ci ita ce yadda kalmomi irin su “saboda”, “ashe” da “sai yanzu na gane” ke ƙaruwa daga rubutun farko zuwa na uku. Idan rubutu na uku ya fito kamar na farko, zafi ɗaya, zargi ɗaya, to mutum yana tuƙa baƙin ciki ne kawai, kuma ya kamata malami ya canza masa batu. Malamar tana lura da wannan. Malamin ba koyaushe ba.

Sai karatun dare. Kowane dare mutum huɗu ke karanta shafi biyu, sauran su yi tsokaci. A takarda an ce ba dole ba ne. A zahiri, idan goma sha ɗaya sun karanta, na goma sha biyu ba shi da mafita, kuma malamin yakan zuga da cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata hajiya daga Marwa ta taɓa mayar masa da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ita ce da gaskiya. An kwafo wannan tsari daga wuraren da mahalarta baƙin juna ne, za su rabu ba su sake haɗuwa ba. Hausawan arewacin Kamaru da Cadi ba haka suke ba. Cikin mutum goma sha biyu da wuya a rasa biyu da suka haɗa suruki, ko malamin allo, ko layin kasuwa. Matar da ta karanta labarin aurenta na fari a daren Laraba tana iya tarar da shi ya riga ta isa Garwa. Alkawarin riƙe sirri da ake yi da baki a daren farko ba ya ɗaure kowa.

Akwai kuma abin da ya fi tsegumi nauyi. Mutanen nan sun tashi da kunya da kara. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, balle ta zauna gaban maza baƙi ta karanta yadda aka yi mata auren dole. Sannan akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi ga mai aikata laifi da dare, Allah ya rufa masa asiri, ya wayi gari yana tona wa kansa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san shi, kuma yana zaune da shi a zuci ko da bai furta ba. Malaman ba su tanadi amsa ba, alhali amsar tana kusa: rubutun da mutum ya yi don ya fahimci kansa, ya rufe ya ajiye, daban yake da wanda ya shelanta. Da sun raba littafi biyu tun ranar farko, ɗaya na sirri wanda ko malami ba ya gani, ɗaya na jama'a, da sun kashe wannan damuwa. Da yake ba su raba ba, abin da ke faruwa shi ne mutane suna fara rubuta abin da zai karantu da dare. Daga rana ta huɗu rubutun wasu yakan koma tarihin yabo: iyaye salihai, haƙuri, sai Allah ya kawo buɗi. Wanda ya zo neman sulhu da kansa ya koma yana gyara hotonsa.

Babban giɓi shi ne rashin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana samun masu zuwa daga Mora, Kolofata da Fotokol, wuraren da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, wasu sun ga abin da ba a so a gani. Pennebaker da kansa yana ba da shawarar kada a yi irin wannan rubutu a kan masifar da ba ta daɗe da faruwa ba. Fom ɗin rajista bai tambayi komai a kan wannan ba. Malamin adabi, komai kyan zuciyarsa, bai san abin yi ba idan mutum ya daina barci, ko ya fara firgita da ƙarar ƙofa, ko ya zauna shiru yana kallon bango bayan rubutu. Abin da suke yi shi ne su ba shi shayi su ce ya huta. Wanda ke mafarkin abin da ya faru, ko wanda rasuwa ko sakin bai kai wata shida ba, ko mai shan maganin damuwa, ya fara ganin likita kafin ya biya kuɗin wannan zama. Idan ya zo, ya tsallake aikin rana ta huɗu, babu abin da zai rasa na sana'ar rubutu.

Batun harshe sun yi rabin ƙoƙari. An yarda ka rubuta da Hausa, Fulatanci ko Faransanci, kuma shawararsu mai kyau ce: ka rubuta da harshen da abin ya faru a cikinsa. Faɗan da uwa ta yi da Hausa, idan aka juya shi Faransanci, ya zama rahoto. Matsalar ita ce yawancin mahalarta makarantar Faransanci suka yi, don haka suna rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: “ch” a wurin “sh”, “ou” a wurin “u”, “dj” a wurin “j”, babu ƙ, ɗ da ɓ sam. A littafin hannu ba komai. Ranar da za a buga ne ake gane ɓarnar, domin mai karatu a Kano ko Damagaram zai yi ta tuntuɓe. Awa guda kacal aka ware wa ƙa'idar rubutu, a rana ta shida, lokacin da kowa ya gaji. Ya kamata ta dawo rana ta biyu. Masu ajami kuwa an bar su da Allah, domin cikin malaman babu mai karanta shi da sauri. Waɗanda hannunsu ba ya sauri ana ba su damar yin magana a naɗa a waya, sai dai a sani cewa maganar awa guda tana cin awa huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu, kuma ba a sa wannan a jadawali ba.

Abu biyu a fom ɗin rajista suna bukatar a karanta da idon basira. Akwai layin da ke ba masu shiri izinin saka “zaɓaɓɓun rubuce-rubuce” a wani kundi da za su fitar, ba a faɗi wa zai zaɓa ba, ba a ce za a sake neman izini ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamban 2000 ta ba marubuci haƙƙin aikinsa, amma sa hannu a irin wannan layi yana iya zama izini. A soke shi da biro kafin a sa hannu, suna karɓa ba gardama. Haka layin ɗaukar hoto don Facebook. Sannan duk mai niyyar bugawa ya tuna sashe na 305 na kundin hukunta laifuka ya tanadi hukunci a kan ɓata suna, kuma canza sunan mutum ba ya wadatarwa idan ka bar unguwarsu, sana'arsa da sunan matarsa. Darasin da suke yi a kan wannan minti goma ne, ya cancanci awa guda.

Buga rubutu a kwamfuta ana kai wa wani shago ne a cikin gari, a biya kowane shafi. Ma'ana littafinka zai kwana a hannun wanda ba ka sani ba, kuma kwafi zai zauna a kwamfutar shagon. Gara mutum ya ɗauki hoton shafukansa da wayarsa, ya buga da kansa a gida ko da zai ɗauki wata guda. Bayan an watse ana buɗe zauren WhatsApp, wanda yakan yi zafi mako biyu sannan ya koma wurin gaisuwar Juma'a. Abin da ya fi shi amfani shi ne takardar da malamar ke rubuta wa kowa da hannunta a rana ta bakwai: fage goma da ya kamata ya rubuta nan gaba, a jere, da shawarar shafi biyu a kowace safiya. Mai bin wannan zai iya kammala daftarin farko cikin wata huɗu zuwa shida.

Zaman ya dace da wanda ya haura arba'in, yana da labari, ya rasa ta inda zai kama, kuma abin da ke damunsa ya kwana biyu har ya huce. Irin wannan mutum zai samu fiye da abin da ya biya, musamman idan ya shigo da ƙaramin littafi na biyu a aljihu, ya kuma gaya wa malaman tun daren farko, a gaban kowa, cewa shi ba zai yi karatun dare ba sai abin da ya zaɓa. Ana yin zaman sau biyu a shekara, a babban hutun makarantu da kuma ƙarshen Disamba. Na babban hutu yana faɗawa tsakiyar damina, ruwa kusan kullum, wuta tana yawan ɗaukewa, don haka a zo da fitila mai caji. Na Disamba ya fi daɗin aiki, amma sanyin asubar Ngaundere ba irin na Garwa ba ne, kuma bargo ɗaya masaukin ke bayarwa.